Shekarar da Ɗigo Ya Faɗi Ƙasan Layi

Ku matso nan, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Jiya ɗayanku ya leƙa ofishina ya ce wa ɗan'uwansa, "Ashe aikin Baba ɗigo ɗaya ne a rana?" Na ji ka sarai, kai mai jar hula, kunnena bai mutu ba. E, ɗigo ɗaya ne. Amma ɗigon nan a gabana ya taɓa cin aikin mutum, ya kusa haɗawa da aure. Don haka ku zauna ku ji, kafin ku koma makaranta ku ce kun koyi aiki a kamfanin ruwan leda.

Sunana Sabi'u, amma daga Ƙofa har Kwanar Ɗangora in ba ka ce Mai Ɗigo ba, ba wanda zai nuna maka gidana. Aikin kuwa ga shi. Inji yana ɗura ruwa a leda, wani ƙarfe mai zafi ya liƙe bakinta. In liƙin bai kama ba, leda ta yi yoyo. Ba mai iya matsa duk ruwan da aka yi a rana, sai ya tsufa bai gama ba. Shi ya sa ake ɗibar leda ɗari biyu a bokiti, a matse su ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga masu yoyo. Abin da aka samu shi nake ɗigawa a takardar nan da ke manne a bango. Kun ga layi uku a kanta. Na tsakiya shi ne halin injinmu na yau da kullum, sha biyu. Na sama ashirin da biyu, na ƙasa biyu. Ba don sun burge ni na zaɓe su ba, lissafi ne ya fitar da su daga ƙirgen kwanaki masu yawa. Muddin ɗigo yana yawonsa tsakanin layin sama da na ƙasa, yau tara gobe sha bakwai, to ba abin da ya faru, a bar kowa ya yi aikinsa. Ranar da ya tsallake layi, ranar ce za ka tuɓe babbar riga ka nemi dalili.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Rula, fensir, jan biro na jan layi, bokitin ƙarfe, kujera 'yar tsugunno, sai tawul. Kada ku raina tawul ɗin nan. Leda mai yoyo ba ta da mutunci ko kaɗan, ba ta fesa ruwanta ƙasa ko gefe, hancinka take nema. Na yi shekaru ina komawa gida da jiƙaƙƙen gemu, har maƙwabta suka riƙa yaba mini wai ba na rabuwa da alwala.

Wanda ya koya mini aikin, Malam Yahuza, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kano, ya dawo gida Kiru bayan an rufe ta. Allah ya jiƙansa, amma mutumin nan akwai faɗa. Ranar farko ko takarda bai bari na taɓa ba. Ya kawo ƙwarya cike da farar masara, ya watsa 'yar ja a ciki, ya gauraya, ya ɗaure mini ido da rawani, ya ba ni ludayi ya ce in ɗiba. In ja ta fito da yawa, ya ƙwala mini rula a ka. In ta fito kaɗan, ya ɓantaro goro ya ba ni ya ce na yi ƙoƙari. Haka muka wuni, rula, goro, rula, rula, goro. Da na ji kaina ya fara kumburi sai na fizge rawanin na ce, "Haba Malam! Ni ina ruwana? Ai ƙwaryar ce, ba hannuna ba!"

Ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi, ka ci rabin karatun. Saura ka fahimtar da mai kamfani, wannan kuwa ni ma ban iya ba."

Abu na biyu da ya koya mini shi ne yadda ake ɗiba. Ya ce hannu ne zai ɗauka, ido kada ya sani. Ka je har bakin inji da ƙafarka, ka kau da kai, ka cafko abin da hannu ya taɓa, wasu da safe, wasu da hantsi, wasu bayan azahar. Da zarar ido ya sa baki a ciki, zai zaɓo maka masu kyau, takarda kuma ta koma yi maka daɗin baki.

Mai kamfaninmu, Alhaji, mutumin kirki ne, ba ya hana kowa haƙƙinsa, sai dai ɗigo yana hana shi barci. In yau ya hau sha takwas, ya tara ma'aikata ya yi ta ruwan faɗa. Gobe ya sauko goma, sai ya shigo bakinsa har kunne ya ce, "Ka gani ko, Mai Ɗigo? Faɗan nan nawa yana aiki." In ya sauko takwas ya raba wa mutane lemo, washegari ya koma sha biyar, sai ya ce lemon ne ya sangarta su. Na yi masa bayani a ofis, na yi masa a mota, har a wurin jana'iza na taɓa jan sa gefe. Da ƙyar muka yi yarjejeniya cewa muddin ɗigo yana cikin layi ba zai taɓa kowa ba. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "To amma ranar da ya tsallake layin sama, wallahi sai wani ya tafi gida." Na ce ranka ya daɗe ba haka ake yi ba, dalili ake nema, ba mutum ba. Ina! Ya riga ya shiga mota.

To, mu zo kan shekarar da nake ba ku labari. Lokacin manyan yatsuna sun gaji, sanyin ƙashi ya kama su, ko goro sai an fasa mini. Sai aka ɗauko Habu, wani ƙaƙƙarfan saurayi ɗan Bebeji, mai hannu kamar faranti, ya zama shi ke ɗiba, ya kawo bokiti ƙofar ofishina ya matse a gabana, ni in ɗiga. Mai tuƙa injin kuwa Baba Iro ne, dattijo mai farin gemu, tun ranar da aka kafa kamfanin yake kan kujerar nan. Mutum ne mai jin kai da girma, ko atishawa zai yi sai ya gyara zaman hula.

Baba Iro yana da 'ya, Balaraba, ita da Habu suka daidaita. Baffanninta suka ce atafau, yaron da ba shi da ko kunya ɗaya ta gona me zai ciyar da ita? Sai da aka yi ta kai da kawo kafin suka yarda, shi ma don an ce yana da aikin kamfani. Suka faɗa a gaban shaidu cewa in aikin nan ya tafi, maganar aure ta bi shi. Aka kai gaisuwa, aka sa rana bayan girbi. Duk muka yi murna, har na sa albarka da bakina.

Ba a daɗe da sa ranar ba, Habu ya kawo bokiti ya zauna ya matse ɗari biyu cif, ina kallo. Ko ɗaya ba ta yi yoyo ba. Na ce ya sake. Ya sake har jijiyar wuyansa ta fito, shiru. Na ɗiga ɗigona a can ƙasa, ƙarƙashin layi. Washegari ɗaya tak aka samu. Rana ta uku babu. Tawul ɗina ya bushe ƙayau a jikin ƙusa, har gizo-gizo ya fara yi masa saƙa.

Alhaji kuwa sai da ya kusa taka rawa. Ya ce ai shi dama ya san faɗan da ya yi a watan jiya sai ya ratsa. Ya sayo rago ya ba Baba Iro a gaban kowa, ya sa aka rubuta a jikin motar kamfani da manyan baƙaƙe wai ruwanmu ba ya yoyo. Na bi shi ofis na ce, "Alhaji, ɗigon da ya faɗi ƙasan layi daidai yake da wanda ya tsallake sama. Wani abu ya canza, kuma ba mu san ko mene ne ba. Injin da ya yi shekaru yana ba da sha biyu ba zai tuba dare ɗaya ba, ba wanda ya yi masa wa'azi."

Ya ce, "Kai Mai Ɗigo, ka ji tsoron Allah. Ya hau ka ce a yi shiru, ya sauka ka ce a yi kuka. Baƙin ciki kake yi da ragon nan, ba wani abu ba."

Na ji zafin maganar nan, ba zan ɓoye muku ba. Ni da ko naman rago likita ya hana ni!

Ana cikin haka sai ƙorafi ya fara shigowa. Direbanmu ya ce in ya ɗauki kaya zuwa Doguwa, motar tana tafe tana tsiyaya, har awaki sun gane ta, da ya tsaya sai su yi layi a bayanta. Akwai wata babbar mai sayen kayanmu a Tudun Wada, Hajiya Dije, mai sayar da ruwan sanyi ranar kasuwa. Ta aiko cewa firjinta ya zama dunƙulen ƙanƙara guda, da gatari take fitar da kaya. Na kai wa Alhaji maganar, ya nuna mini takardata da kaina ya ce, "Ga aikinka nan, ko kai ma ƙarya kake yi?"

Matsa dai a gabana ake yi, ba algus. Saura ɗiba ke nan. Wata safiya na lallaɓa na laɓe a bayan jakunkunan ruwa da aka jibge kusa da ɗakin inji, ni da gwiwoyin nan nawa, na ga ikon Allah.

Habu ya taho da bokiti. Tun daga nesa ya cire takalmi. Ya iso bakin ƙofa a durƙushe, kansa a ƙasa, ya ajiye bokitin, ya yi wata sallama da ko sauro ba zai ji ba, sannan ya ruga bayan tanki ya ɓuya. Can sai ga Baba Iro ya fito, yana kallon rufin ɗaki kamar bai san da kowa ba, ya ja bokitin ciki. Ya ɗauki leda ya ɗaga ta wajen haske, ya juya, ya matsa, ya sake matsawa. In ta yi yoyo ya wurga ta bayan inji. In lafiyayya ce ya goge ta da hannun rigarsa ya jera a bokiti. Da ya cika ɗari biyu ya ɗauko faifai ya rufe, faifai fa, jama'a, kamar tuwon da za a kai gidan surukai! Ya ajiye a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya koma. Sai Habu ya fito ya sunkuci bokiti ya ruga.

Na tare Habu a bayan tanki na ce, "Kai, ubanwa ya ce ka daina ɗiba da hannunka?"

Ya ce, "Malam Sabi'u, don girman Allah ka rufa mini asiri. Surukina ne fa yanzu. In je in tsaya a kansa? In miƙa hannu ta gabansa ina neman laifinsa? Wallahi ko inuwarsa na gani ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun da aka kai gaisuwa ko kalma ɗaya ba ta haɗa mu ba."

Na koma wurin Baba Iro. Shi kuma sai ya dube ni kamar ni ne mara hankalin, ya ce, "Sabi'u, da girmanka. Yaron nan zai ajiye ƙwaryarsa a ƙofata, in cika masa da abin da ke yoyo? Me za a ce da ni a gari? A gidanmu ba a aika wa suruki da abu sai an zaɓa."

To kun ji. Ba wanda ya yi niyyar cuta a cikinsu, kowa tarbiyya yake nunawa, ni kuma sun mayar da takardata tatsuniya. Na leƙa bayan inji na ga tarin ledar da ya zubar. Na taɓa ƙarfen liƙin, gefe ɗaya zafi, ɗaya gefen ɗumi kawai, ya cinye. Da ana ɗiba yadda ya kamata, da tuni ɗigo ya yi ta hawa a hankali ya gaya mana. Yanzu kuwa in na ɗiga gaskiya zai tsallake layin sama, wani ya tafi gida. In Habu ne, aure ya mutu.

Na ƙudurta in sa a canza ƙarfen a ɓoye kafin Alhaji ya farga. Sai dai daga Kano ake sayo shi, kuma sai da izininsa. Na je na karkace kai na ce inji yana son ɗan gyara. Ya ce, "Injin da ba ya yoyo? Wanda ya taɓa mini shi sai na ga bayansa."

Ban gama neman wata dabara ba Hajiya Dije ta dira da kanta. Ta sauko daga mota da jiƙaƙƙen mayafi, ta sa aka sauke jakunkunan da ta dawo da su a tsakar kamfani, ta riƙe ƙugu ta ce, "Ina mai ruwan da ba ya yoyo? Ya fito ya ga zanina!"

Alhaji ya hau dokin zuciya. Ya ce yau zai kunyata masu ƙarya. Ya tara ma'aikata kaf, ya shiga sito da kansa ya jawo jaka goma, leda ɗari biyu ke nan, daga inda hannunsa ya kai, ko dubawa bai yi ba. Wallahi ban taɓa ganin an yi ɗiba mai kyau irin ta ranar ba, Malam Yahuza da yana raye da ya ba shi goro. Ya sa aka kawo kujera aka zaunar da Baba Iro a gaba, a matsayinsa na gwarzon kamfani. Sannan ya ce, "Habu, zo nan gabansa ka matsa, Hajiya ta gani da idonta."

Habu ya taho kamar wanda za a yanka. Ya durƙusa a gaban surukinsa, kuma saboda kunya ya juyar da fuskarsa can baya, ya miƙa hannuwa gaba. Ka ga ke nan bai san inda bakin leda ya dosa ba. Ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Ta uku ta yi tsiit, sai tsakiyar gemun Baba Iro.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba," in ji Habu, yana magana da bango.

Baba Iro ko motsi bai yi ba, yana kallon sama. Ta gaba ta sami hula. Wata ta shiga kunne. Kowace ta fesa sai Habu ya ba bango haƙuri, Hajiya Dije kuma tana ƙirgawa da ƙarfi tana tafi. Ma'aikata suna cije leɓe, direba ya kasa daurewa ya faɗa bayan mota yana shessheƙar dariya. Muka wuce sha biyu, muka wuce ashirin da biyu, fuskar Alhaji ta fara canza launi. Da aka gama, arba'in da bakwai. Dattijon nan ya jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga gemunsa zuwa cinya, amma zamansa bai karkace ba.

Alhaji ya ce, "Mai Ɗigo, je ka ɗiga." Na je, takarda ba ta kai tsawon ba. Sai a jikin bango na yi ɗigon, sama da ita. In kun duba yana nan har yanzu, na hana a shafe shi da fenti.

Nan fa dariya ta ɗauke. Dole na faɗi yadda aka yi, da bokitin da faifan duka. Na ce, "Alhaji, laifin na ƙarfe ne, ya cinye. A canza shi, ɗigo zai koma gidansa." Haka kuwa aka yi daga baya, ya koma yawonsa a kusa da sha biyu.

Amma a ranar Alhaji ba ya ji ba ya gani, an kunyata shi a gaban mace da mayafinta a jiƙe. Ya ce, "Ƙarfe zan kora? Na rantse ranar da ya tsallake wani zai tafi, kuma ba zan yi kaffara ba. Kai Habu, aikinka ne ɗiba, ka bar wa wani. Ajiye bokitin nan ka kama hanya."

Habu ya ajiye bokiti. Ƙaton mutumin nan sai ga hawaye, ko goge su bai yi ba. Kowa a wurin ya san abin da ya tafi tare da aikin. Na buɗe baki zan sake magana, Alhaji ya ɗaga mini hannu. Ni kaina na ji idona ya cika.

Sai Baba Iro ya miƙe. Ya cire hularsa ya matse ta, ya mayar a kai, ya gyara mata zama. Ya ce, "Alhaji, rantsuwarka mutum ɗaya ta ce, ba ta faɗi suna ba. Ni na zaɓi ledar nan da hannuna. Ni na ci zamanina, ina da 'yar gonata, masara ba za ta gagare ni ba. Shi in ya tafi, 'yata ce za ta zauna. Ni zan tafi."

Alhaji ya yi ta kame-kame, ya ce ba haka yake nufi ba, a zauna a yi magana. Dattijon ya ce ya riga ya faɗa a gaban mutane. Ya shiga ɗakin inji ya ɗauko butarsa da dardumarsa, ya fito yana tafe takalminsa na ƙarar ruwa. Da ya zo daidai inda Habu yake durƙushe sai ya tsaya. Ya dube shi ido da ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kai gaisuwa, ya kira sunansa.

"Habu. Rana tana nan yadda aka sa ta. Tashi ka ɗauki bokitinka, kuma daga yau ka riƙa ɗiba da hannunka, ko injin ubanka ne."